Ranar da Inna ta mintsini jikanta

An haifi ɗana na uku da hanci a toshe, duka ƙofa biyun. A Dapaong ne, ina mahauta ina feɗe sa aka zo aka kira ni.

Daga waje hancin lafiya lau, har ya fi nawa kyau. Amma in yaron ya yi shiru sai leɓensa ya yi baƙi, ƙirjinsa ya riƙa lotsawa. In ya tsala kuka sai jini ya dawo masa. Ungozomar asibiti ta zura masa siririyar roba ta hancin dama, robar ta cije. Ta hagu ma haka. Lokotoro, wato likita, ya zo ya gwada, ya ce mini sabon jariri bai iya numfashi ta baki ba sai in yana kuka, wannan kuwa hanyar da take ɓullewa daga hanci zuwa maƙogwaro ce ba ta huje ba.

Na ce na san hanyar. Na fasa kan rago ba adadi, na sha zura yatsa a wurin.

Ya ce to, nan ban da yatsa.

Suka ɗauki robar da ake sa wa kwalbar madarar jarirai, suka yanke bakinta, suka sa masa a baki suka ɗaure da zare ta bayan kunne, iska tana shiga ta nan. Lokotoro ya ce mai aikin hanci yana Sokode a makon, mu kama hanya. Ya ce in robar ta fita, kada mu bar yaron ya yi shiru har sai an mayar.

Matata tana kwance, ta zubar da jini da yawa. Sai Inna, mahaifiyata, ta ɗauki yaron, muka shiga motar haya. Duk zango an san Inna da abu ɗaya: jariri ba ya kuka a hannunta. Ranar kasuwa har matan ƙabilar Moba nan suke aje mata nasu.

Mun wuce Mango ina gyangyaɗi. Ashe tun safe abu yana cin Inna a rai, ba a sa wa yaron dabino a baki ba, yadda aka yi wa kowa a gidanmu. Ta tauna dabinonta, ta kwance zaren, ta riƙe robar a bakin taga. Mota ta faɗa rami. Robar ta tafi.

Direba ya tsaya, muka duba ciyawa, ba mu gani ba. Ya ce sai Kante, nan akwai shago.

Yaron ya ji zaƙi, ya ji hannun Inna, ya lumshe ido. Leɓen ya fara baƙi.

Na ce, "Inna, mintsine shi."

Ta ce, "Wa? Maigidan nawa?" Haka take kiran jikokinta maza.

"To miƙo shi."

"In ba ka shi da wannan hannu naka mai karya ƙashin sa? Kauce."

Ta kama tafin ƙafarsa ta mintsina. Ya callara ƙara, launinsa ya dawo. Sai dai jikin Inna bai san zancen lokotoro ba. Da ya fara kuka sai gwiwarta ta fara jijjiga shi da kanta, bakinta ya fara 'yar waƙa. Yaro ya yi luf.

"Inna, gwiwa."

"Ba ni ba ce."

Na dafe gwiwar da hannu biyu. Haka muka tafi, ita tana mintsini, ni ina riƙe da gwiwa.

Wata mai sayar da atamfa da ta shiga a Mango ta kasa haƙuri. Ta ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Ko ba ɗan ɗanki ba ne?" Wani Bafulatani daga Gando ya ce ko maraƙi ba a yi masa haka. Na yi musu bayani sau ɗaya. Ba su gane ba, ban ƙara ba.

A shinge jandarma ya leƙo ya ce, "Mama, ki lallashe shi mana."

Inna ta ce, "Ɗana, shekara arba'in ina lallashi ban kashe kowa ba, yau na kusa. Ɗaga sandarka."

Ya ɗaga.

Kafin Kante hawaye yana zuba mata har haɓa. Tana mintsini tana cewa, "Yi kukanka, maigida. Ka tsane ni, amma ka girma tukuna."

A Kante na samu robar a wani shago. Na zaro wuƙar aikina na yanke bakin, mai shayi ya wanke mana da tafasasshen ruwa. Mai atamfa ce ta ɗaure zaren, ta ba Inna haƙuri. Ashe barci ya riga ya ɗauke Inna, ita da yaron.

A Sokode aka yi masa hoto, aka huda ƙashin da ya toshe hanyar, aka bar masa robobi biyu a hanci na wasu makonni don kada ya sake rufewa. Ranar da aka cire, lokotoron ya kara auduga a bakin hancin, audugar ta motsa. Inna ta karɓe ta ta ƙulle a bakin zane. Har yau in ta zo, da yaron ya yi barci sai ta kara masa ita.

Yanzu shekararsa bakwai. In ya yi ɓarna na ce Inna ta mintsine shi, sai ta ce ai ya cinye rabonsa tun a hanyar Kante.

Zaman jinyar ne ya sa na nemi teburin fawa a kasuwa, ban kuma koma Dapaong ba. Ina Sokode, ina fawa, yaron yana numfashi ta hanci.