Ranar da Inna Ta Shiga Rafi

A unguwar Hindawiyya ta Jidda aka haife ni, kifin teku kawai na sani. Inna kuwa a wani ƙauyen Nijar ta tashi, kullum tana cewa bai kai na rafinsu daɗi ba.

Wata Juma'a bayan an yi ruwa, na kai ta wani ɗan rafi a bayan Jidda. Na daɗe riƙe da ƙugiya ban kama komai ba. Sai ta tuɓe takalmanta, ta shiga ruwa har gwiwa, ta miƙo mini bakin wani tsohon zane.

"Yalla, maza, ɗana, riƙe nan. Ja a hankali."

Muka ja zanen cikin ruwa kamar raga, muka ɗago 'yan karfasa suna ta tsalle. Har ta rasu ban ƙara jin ta yi dariya irin ta ranar ba.