Tafin Raƙumi a Ƙafar Barewa

A gidanmu na Tambuwal, in an ci tuwo an yi sallar isha'i, murhun kakata Inna Kulu muke zagayewa. Mu jikoki mu riƙa tura karan dawa cikin wuta, ita kuma ta miƙe ƙafafu ta ɗauko tatsuniya. Ba ta iya faɗa wa mutum laifinsa ido da ido ba. In ka ɓata mata rai da rana, da dare za ka ji an ɗora laifin naka a kan kura ko biri, kowa ya yi dariya, kai kaɗai ka sunkuyar da kai. Da haka ta riƙe gidan malamai masu yawan gardama, ita da take 'yar masu shanu daga Kebbe.

Shekarar da nake tunawa, kuɗin mai sun fara shigowa gari. Autanta, Baffa Bello, ya sami aikin akawu a ofishin ƙaramar hukuma, ya je Sakkwato ya dawo da keke sabo fil, siriri, mai sheƙi. Ko ƙuda ya sauka a kansa sai Baffa ya goge wurin. Ana cikin haka fatake suka zo wa Inna da saƙo cewa yayanta Mani yana kwance a Kebbe, jiki ya yi tsanani, sunanta kawai yake kira. Su biyu suka rage a ɗakinsu, rabonta da shi kuwa tun kafin a haife ni. Mota ba ta shiga Kebbe sai ranar kasuwa, kasuwa kuma da saura. Baffa ya ce shi zai kai ta a keke, da asuba za su kama hanya.

Matsalar ita ce rairayi, don siririyar taya nutsewa take yi a cikinsa. Maƙwabcinmu Ɗan Ige mai gishiri yana da wani tsohon keke baƙi ƙirin, duk tsatsa, an ɗaure kariyarsa, wato mazaunin baya, da igiya, amma tayoyinsa faffaɗa ne, kuma ya san hanyar Kebbe kamar jaki. Ya ce a ɗauki keken gaba ɗaya. Baffa ya dube shi sama da ƙasa, ya yi godiya, ya ce tayoyin kawai za a ara masa. So yake ya shiga cikin kawunnansa a kan nasa keken, su ga ɗan Kulu ya zama mutum. Har yau ban iya ganin baƙinsa sosai ba, saurayi ne.

Daren nan yana zaune a gefen wuta da cokulan gida, yana danna tayar Ɗan Ige a kan rim ɗinsa, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Zagayensu ɗaya, amma rim ɗin nasa matsattse ne. Sai da ya cire madigadi, ya yi gumi sharkaf, sannan ta shiga. Da ya ba ta iska sai ta kumbura ta yi tsaye, kamar an ɗora masaki a bakin buta. Ya tura ta da babban yatsa ta karkace gefe, sai ya ƙara mata iska. Inna tana kallonsa, goro a kumatu.

"Ga wata nan tafe gare ku," in ji ta.

"Ta iso mu ji ta!"

"Barewa ta, anka aiko mata uwatta na ciwo can ƙetaren rairai."

Barewa ta sa ƙafa, ta nutse har gwiwa. Tana nan tana kuka sai ga raƙumi. Ya tsuguna ya ce ta hau bayansa ya kai ta. Barewa ta dubi doron nan da leɓen nan da ƙudajen da ke binsa. A nan Inna ta maƙe murya ta karya wuya: "Mi za a ce in an gane ni bisa wanga mummuna? Kai dai ara man tafin ƙafakka."

Raƙumi bai yi musu ba. Barewa ta ɗaura faffaɗan tafinsa a 'yan ƙafafunta da igiyar kaba, ta bar masa kofatonta. Muddin hanya ta miƙe, tafiya take faɓ, faɓ, tana jin daɗi. Da ta zo kwana sai ƙafa ta yi gabas, tafi ya yi yamma, ta kife. Shi ma raƙumi bai tsira ba, don ɗan kofaton bai rufe masa ƙafa ba, duk dutsen da ya taka sai ya ji shi har ƙashi. Dole ya koma ya tsuguna.

Muka yi ta birgima don dariya. Ƙanwata ta tambaya ko barewa ta kai wurin uwarta.

"Wa yas sani?" Inna ta ce, tana duban katangar da ta raba mu da gidan Ɗan Ige. "Raƙumi dai shina nan tsugune inda tab bar shi. Bai tashi ba tukuna."

Baffa ya yi dariya yana buga famfon iska. "Inna, barewag ga famfo na ba ta da shi."

Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu. Ta dube mu, mu yara da muka zuba musu ido, sai ta ce a kashe wuta a je a kwanta.

Da asuba ta hau kariya da ƙullin goronta. Abin da ya biyo baya daga bakin manya na ji shi. Tayar ta yi ƙoƙari a miƙaƙƙiyar hanya. Sun ci fiye da rabi, a wani gangare inda hanya ta lanƙwasa, ta baya ta naɗe ta zame daga rim, tif ɗin da ke riƙe iska a ciki ya fashe. Inna ta gurje gwiwar hannu, ta tashi ta kakkaɓe zane, suka ƙarasa a ƙafa Baffa yana tura keke. Sun shiga Kebbe bayan la'asar, suka yi kiciɓis da maza suna dawowa daga maƙabarta. Da azahar Mani ya cika.

Ba ta taɓa yi wa Baffa gori ba, ko sau ɗaya. Ta ci gaba da yi mana tatsuniya har ƙarfinta ya ƙare, amma daga lokacin kura kura ce kawai, babu kowa a ɓoye a cikinta. In ka yi laifi sunanka za ta kira. Mu yara mun ji haushin wannan canji, don ya rage mana dariya.

Bara waccan ɗana ya sayi irin keken nan mai giya na hawan tudu, ya dage sai ya sa masa taya mafi faɗi a kasuwa. Baffa Bello, wanda yanzu sanda ke riƙe da shi, ya sa aka cire tayar, ya kwantar da babban yatsa a cikin rim ɗin.

"Wanga rim bai ɗaukatta," ya ce. "Faɗin taya shi kai kamar ninki biyu na cikin rim. In ta wuce sosai, naɗewa za ta yi ga kwana. In ta gaza, rim ɗinka shi ci dutse. Mai da ta, ka ji ni?" Bai yi murmushi ba, bai kuma damu da abokan yaron da ke tsaye ba.

Da ina yaro na ɗauka darasin daren nan na Baffa ne shi kaɗai: kada kunyar abin da mutane za su ce ta sa ka ari rabin taimako. Sai da na fara furfura na ga rabon Inna a ciki, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Baffa bai taɓa tsallake umarninta ba. Da ta ce, "Auta, ɗauko keken Ɗan Ige," da ya ɗauko yana gunaguni, da sun isa da hantsi. Ta san haka, na tabbata ta sani. Ba ta so ta kunyata sabon akawu a gaban 'ya'yan yayyensa, sai ta ba shi tatsuniya, ta hau keken da ta san ba zai kai ba. Ta tsare wa ɗanta fuska a gabanmu, ita kuwa ba ta sake ganin fuskar yayanta ba.