Mai Aski Ya Ɗauki Yayansa Aiki

Shekara talatin da ɗoriya Mai Aski ya yi yana tsaye bayan kujera ɗaya, a shagon da ke kwanar layi. Yayansa ne ya koya masa sana'ar, da ranƙwashi da komai, kafin ya bar masa wurin ya koma gida hutawa.

Hutun bai yi nisa ba ciwon mantuwa ya kama Yaya. Da fari makulli yake nema alhali yana hannunsa. Daga baya ya koma faɗa da mutumin cikin madubi, wai baƙo ya faɗo masa ɗaki ba sallama. Wata rana Mai Aski ya leƙa gidan, ya tarar da matar Yaya a bakin ƙofa, ido ya faɗa.

"Ke da ba kya raga mini, yau ko tsokana babu?"

"Ƙanin miji, wata uku ke nan ko wanka na shiga kunnena na kansa. In na ce na gaji, wa zan gaya wa?"

Washegari da hantsi ya dawo, ya durƙusa gaban Yaya. "Ranka ya daɗe, aiki ya fi ƙarfina. A zo a taimaka."

Tsohon bai gane ƙaninsa ba, amma ya nemi hularsa.

A shago, Mai Aski ya ja wa Yaya benci inda ba a hango madubi, ya kulle reza da almakashi a aljihun tebur, ya miƙa masa tawul da burushi. Yaya ya riƙa ninke tawul, yana kaɗe gashi daga wuyan mutane, yana faɗa: "Kai yaro, gefen hagu ya fi tsawo!" Abin haushi, sau da yawa gaskiya gare shi.

Ba kullum ake kwashewa lafiya ba. Ran nan Yaya ya fizge hular wani ɗan gayu, ya rantse tasa ce. Mutumin ya hau sama, wai me ya kawo mara lafiya wurin sana'a.

"Wannan da kake gani shi ya kafa kujerar da kake kai," in ji Mai Aski. "In zama da shi ya gagare ka, akwai shago a gaba."

Mutumin ya tafi, wasu biyu suka bi shi. Sauran suka saba, har suna miƙa wuya.

Matar Yaya ta samu barcin rana, bakinta ya dawo. A layin ganin likita ta ba wata mata labari, ita ma ta kawo mijinta, tsohon direba mai irin wannan ciwon. Bayan shi aka kawo wani tela.

Yanzu tsofaffi uku ke zama a shagon, daga hantsi zuwa azahar, suna gardama kan tawul shida. Matansu kan tafi kasuwa, ko asibiti don nasu ciwon, ko su rufe ƙofa su kwanta. Makon jiya Mai Aski ya kira kafinta ya auna bango a ƙara benci, don an yi masa maganar na huɗu.