Miyar Kabewa da Gindin Bindiga

Taubashina ne ya fasa mini baki da gindin bindiga, a tsakiyar kasuwar Filinge, da rana tsaka, mutane suna kallo. Ɗan kawuna ne, uwata ta goya shi a bayanta. Ya zubar mini da haƙoran gaba, na sama da na ƙasa, ya karya mini muƙamuƙi, sannan dangi suka zauna suka ce wasa ne. Tun daga ranar ban sake yagar nama ba. Ban nemi ya biya ni haƙori ba, ba a sayar da shi a kasuwa. Abu ɗaya na nema a wurinsa, ya buɗe baki ya ce ba wasa ba ne. Har muka yi furfura bai faɗa ba.

A wurinmu ɗan mace bawan ɗan namiji ne, a wasa. Uwata ƙanwar ubansa ce, saboda haka ni ne bawan, shi ne ubangidan. In watan shara ya kama, ina da iko in kama shi ko ina, in tuɓe masa hula ko takalmi, sai ya fanshi kayansa da goro. Haka muka tashi. Na taɓa ɗauke masa wando a bakin tabki, ya koma gida da ganye a gaba, kawu ya yi dariya har ya shaƙe. Ba a fushi da taubashi. Wanda ya yi fushi shi ake yi wa ba'a.

Na bar lakwal, makarantar boko, da wuri, na shiga tasha ina kiran fasinja. Murya gare ni. In na ce "Yamai! Yamai! Mutum ɗaya!" har masu awon hatsi sai sun waiwayo. Shi kuwa taubashina ya tafi Yamai aka ɗauke shi gardi, dogarin gwamnati mai kaki da bindiga. Lokacin soja ne ke riƙe da ƙasa, kumandan da aka kawo ya mulki garinmu ma soja ne, mutum ne da in ya ratsa kasuwa mata ke jan yaransu cikin rumfa.

Ranar kasuwa ce, cikin watan shara, bayan an yi girbi. Ban ga taubashina ba tun da ya sa kaki. Sai ga shi yana bin bayan kumandan, bindiga a kafaɗa, hular nan a karkace, yana tafiya kamar an sa masa sanda a baya. Wallahi murna na yi. Na lallaɓa ta bayan rumfar mai gishiri, na fizge hular, na ɗora a kaina, na ce da ƙarfi, "Ubangidana, miƙo goron bawanka!"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Kumandan ya waiwayo. Bai yi dariya ba, ya dubi taubashina kawai.

Bugun farko ban gan shi ba, ƙarar na ji cikin kaina. Na biyu na gan shi yana zuwa. Na faɗi a kan buhun albasa, bakina cike da abu kamar tsakuwa, na tofar, ashe haƙorana ne. Ya taka wuyana da takalmin soja, ya duƙa ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta a cinya, ya sa. Sannan ya sake ba ni ƙafa a haƙarƙari. Wata tsohuwa mai daudawa tana ta ihu, "Taubashinai na! Taubashinai na!" Ba wanda ya kula ta. Aka ja ni ta ƙafa zuwa kaso, kaina yana buga ƙasa.

Da kawu ya roƙa aka sako ni, fuskata ta kai girman tulu. Maɗori ya zo ya sa yatsu cikin bakina ya ja ƙashin, na yi fitsari a wando a gaban uwata. Ya ɗaure mini haɓa da tsumma har bisa kai, ya ce kar in buɗe baki sai ƙashi ya kama. Tuwo ba ya shiga. Fura ta ishe ni har na fara amayar da ita. Na rame, idanuna suka faɗa.

A nan Inna, uwata, ta fara yi mini miyar kabewa. Kabewar tana nan bisa rufin rumbunmu. Ta fere ta, ta yanka, ta dafa da albasa har ta narke. Ta zuba ganyen sure, wato yakuwa, da ɗan kanwa don ya karya tsamin. Ta soya gujjiya, wato gyaɗa, ta daka ta har ta fitar da mai, ta dama da ruwan miyar ta mayar cikin tukunya, ta sa daudawa kaɗan. Tonka, wato barkono, ba ta sa ba saboda ciwon bakina. Sannan ta burge da maburgi, ta tace da rariya, ta sake burgewa, har ba ka samun ko zare ɗaya na ganye. A ƙarshe ta jefa man shanu. Miyar ta fito da kauri da santsi, launinta kamar ƙasar tudu. Ta zuba a butar shayi, ta jira ta huce, ta gwada a bayan hannunta, ta zura mini bakin butar ta gurbin da haƙorana suka bari. Abin da ya fara zama a cikina ke nan. Na yi kuka, hawaye na gangara cikin tsumman.

Ina kwance haka dangi suka taru a zauren kawu. Aka kawo ni, aka jingina ni da bango. Kawu ya ce, "Tsakanin taubasai babu jini. Wasa ne ya yi tsanani. A bar maganar." Kowa ya gyaɗa kai. Ni ba bakin magana, an ɗaure. Sai taubashin nawa ya taso, ya ajiye ƙullin goro a gabana, yana murmushi, ya ce, "Bawana, ga fansar hulata." Goro. Ga mutumin da ya zubar wa haƙora. Aka yi dariya, har da masu cewa ya iya wasa. Na dube shi ta ido ɗaya da ke buɗewa.

Abin da ya fi wannan ci mini rai daga Inna ya fito. Wata rana na ga ta raba miyar biyu, ta rufe ƙaramin kwano da faifai, ta nufi ƙofa. Na tare ta. Lokacin an kwance tsumman, ina magana kamar mai ruwa a baki. Na ce ina za ta. Ta ce, "Yaron nan tun yana ƙarami yake son ta. Abincin bariki ba ya karɓarsa." Na fizge kwanon na maka shi da bango. Miyar ta fallatsa har kan zanenta. Ta mare ni a gefen da ya karye, na durƙusa don zafi. Ta tsaya a kaina tana haki, ta ce, "Kai na haifa, shi na goya. Ba ka raba ni da ɗan wana." Washegari ta sake dafawa ta kai masa. Ban ƙara tare ta ba.

Tasha ta ƙare mini. In na ce Yamai sai yara su kwaikwaye ni. Na koma lodin buhu, daga baya gona. Sojoji suka tafi, farar hula suka zo, sojoji suka dawo, suka sake tafiya. Shi yana nan cikin kaki, ana kai shi nan ana kai shi can, yana ƙiba. Duk sallah ya zo gida sai ya daka mini kafaɗa a gaban mutane ya ce, "Bawana, ina haƙoranka? Ka sayar?" A yi dariya. Ni ma dole in washe dasashi, don wanda ya yi fushi da taubashi shi ne abin dariya.

Matata mutuniyar kirki ce, amma miyarta tana barin gudaji, gudaji kuwa in ya maƙale mini a gurbin sai kaina ya yi ciwo yini guda. Shekarar da Inna ta kwanta ciwon ajali ta sa aka ɗauko murhu kusa da tabarmarta, ta koya mini da bakinta. Ta ce in burge har hannuna ya gaji, sannan in burge da ɗayan. Tun daga nan ni ke dafa abata. Maƙwabta sun yi surutu, namiji da maburgi. Na ce wanda ya ƙara magana zai sha maburgin a ka. Ranar da raina ya ɓaci, ko sanyi ya shiga ƙashin, ita nake dafawa in zauna bayan rumbu in sha ni kaɗai.

Bara ya ajiye kaki ya dawo gida. Bai daɗe ba hawan jini ya buge shi, gefen damansa ya mutu, baki ya karkace. Na ji labari, ban je ba. Sai ga matarsa da hantsi, ta durƙusa a ƙofata.

"Yaya, don Allah. Ba ya iya tauna komi. Abin da munka ba shi sai ya dawo. Miyar gwaggonai yake ta kira. An ce kai kaɗai ka iya ta."

Na ce, "Shi ya aiko ki?"

"Shi ne. Ya ce in ce ma bawansa ya yi aikinsa."

Na ce ta tafi, zan kawo.

Na sauko da kabewa mafi girma na ɗora bisa turmi. Ban nemi wuƙa ba, gatari na ɗauka. Na sara, ta tsage biyu, 'ya'yanta suka watse a ƙasa, farare. Na tsaya ina kallonsu. Na daka gujjiyar har taɓarya ta tsaga bakin turmin. Matata ta leƙo ta koma. Na burge miyar kamar zan huda tukunya. Da na jefa man shanu ban sauke ba, na ƙara itace ta yi ta tafasa. Na naɗe tukunyar da tsumma na ɗauke ta tana ɓararraka. Ba zan ɓoye ba, a fuskarsa na yi niyyar juye ta. Miya mai gujjiya da man shanu in ta zuba a fata ba ta gangarewa, maƙalewa take yi.

Na same shi a inuwar ɗaki, an tokare shi da matashi. Ƙaton nan ya zama fata da ƙashi, miyau na bin haɓarsa. Ya gan ni, rabin fuskar da ke aiki ya yi murmushi.

"Bawana," ya ce, harshen na ja. "Ka makara. Ubangidanka na jin yunwa."

Na tsaya a kansa da tukunyar. Tururin ya bugi fuskarsa, ya lumshe ido yana shaƙa. Ya ce, "Gwaggo." Matarsa ta ga idona, ta ce, "Yaya?" Na dire tukunyar a ƙasa da ƙarfi har ta fallatsa mini a ƙafa ta ƙone ni.

Na durƙusa na cafki hannunsa mai lafiya. Ya yi ƙoƙarin janyewa, babu ƙarfi. Na tura yatsunsa cikin bakina, na bi da su kan dasashin, na danna su inda ƙashin ya haɗe a karkace.

Na ce, "Mi ne ne wanga?"

Ya ce, "Wasa..."

Na matse hannun har ya yi ƙara. "Mi ne ne wanga?"

Idonsa ya cika da ruwa. "Kumandan na kallona. Tsoro na ji."

"Na farko tsoro ne. Na biyu fa? Ƙafar da ka ba ni bayan ka sa hularka fa? Goron fa?"

Na jira. Ya buɗe baki, na ɗauka zai faɗa. Sai ya ce, "Kai ma, bawana, ba ka san wasa ba."

Na sake shi. Na ce wa matar ta kawo butar shayi. Na zuba miyar, na zauna ina jira ta huce. Na gwada a bayan hannuna kamar yadda Inna ke yi. Na kama haɓarsa, ba da taushi ba, na zura masa bakin butar ta gefen da ke aiki. Ya sha kamar ɗan maraƙi, yana kuka yana haɗiya. Bai dawo da ita ba.

Da ya shanye na goge masa baki da rigarsa, na sa fuskata daf da tasa yadda zai ga gurbin da kyau, na ce masa:

"Miyar nan ta Inna ce, da tana da rai da ta ba ka, shi ya sa ka sha. Gobe ma zan kawo, har ranar da za a ɗauke ka. Amma ba wasa ba ne, ni na faɗa tun da kai ka kasa. Daga yau ni ba taubashinka ba ne. Ka ƙara ce mini bawa, wallahi ba zan jira ta huce ba."