Hoton da Muka Share wa Tsaga

Cikin duk shekarun da na yi ina sana'ar hoto, akwai wata ranar Alhamis a 1994 da har yau ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka tashi kuka tarar da hoto a waya, ku danna ku goge ku sake dannawa, sai na ɗan koma baya da ku kafin ku gane abin da ya sa muka kusa korar abokin aikinmu saboda 'yan layuka a kumatun mamaci.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa aikin hoto ya buɗe sosai a ƙasar Gumel. Sababbin ma'aikata na neman hoton fasfo na fayil, ga 'yan makaranta, ga maniyyata. Mu kuwa masu hoton kowa da kyamararsa a wuya da kekensa ko babur, amma ba mai ɗaki. In aka ce hoton zaune ake so, sai ka nemi bangon wani ka rataya zanin gado. Wankin hoto kuma ko ka kai Kano, ko ka toshe tagar ɗakin matarka da bargo, ta wuni ba ta yi maka magana ba saboda warin magani.

Baba Iro, wanda ya girme mu duka a sana'ar, shi ya kawo shawarar mu kama ɗaki ɗaya mu riƙa amfani da shi tare. Muka sami shago kusa da tasha a Gumel, mai ƙuryar ɗaki a baya, muka mai da ƙuryar ɗakin wanki. Muka haɗa hannu muka sayi fitilu, da labule mai zanen gidan bene, da ƙaramin janareta, da injin ƙara girman hoto na hannu. Tsarin shi ne: mai son zama ɗan ƙungiya zai biya kuɗin shiga sau ɗaya, sannan kuɗin wata. Kowa a ba shi ranarsa ko rabin ranarsa, ya kawo mutanensa ya yi aikinsa, ribarsa tasa ce. Wanda ba ɗan ƙungiya ba kuma ya yi hayar ɗakin da tsada. Ba a daɗe ba muka sami masu zuwa daga Maigatari da Gagarawa Tasha da Sule Tankarkar. Baba Iro ya zama shugaba, ni kuma aka ɗora mini kula da ɗakin: mabuɗi, rabon ranaku, man janareta, da sauraron ƙorafin kowa.

Hatimi ɗaya muke bugawa a bayan duk hoton da ya fita daga ɗakin, ko wa ya ɗauka. Saboda haka Baba Iro ya kafa doka tun ranar farko, cewa duk wanda ya ɓata kayan mai kaya har ya jawo wa hatimin abin kunya, za a sallame shi, kuɗin shigarsa kuma ba a mayarwa. Duk muka gyaɗa kai, kowa na zaton da wani ake.

A cikinmu akwai Bulus, Kirista daga ƙasar Filato. Matarsa malamar makaranta ce aka kawo ta aiki Gumel, ya biyo ta da yaransu. Babur ɗinsa ya sayar ya biya kuɗin shiga, don haka shi ba shi da ƙafar yawon ƙauyuka kamar mu, ɗakin nan shi ne gonarsa. Mutum ne mai sanyin magana, da Hausarsa ta Filato wadda muke tsokanarsa a kanta kullum, shi ma yana dariya. Amma a gyaran fim ba wanda ya kama ƙafarsa. Gyaran fim shi ne a ɗora baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa a kan gilashi mai haske, a bi shi da siririn burushi da tawada, a toshe tabo da karce. Tawadar shiga jikin fim take yi, in ta bushe ba ta fita. A hannun Bulus, mai ƙuraje yakan fito da fuska sumul har ya riƙa tambayarmu ko shi ne. Shi ya sa duk wanda ya sami aiki mai wuya a ranarsa sai ya bar wa Bulus, su raba ladan.

Haka aka yi da aikin Alhaji Mamman, wani babban dillalin shanu a kasuwar Maigatari, ɗan asalin Ɗanzomo. Ya zo ne a ranar aikin Sale, wani ɗan ƙungiyarmu mai surutu da saurin hannu. Alhaji ya kawo ɗan ƙaramin hoton mahaifinsa marigayi, wanda shi kaɗai ne hotonsa a duniya, yana so a ƙara masa girma a sa a firam. Hoton ya tsufa ya koɗe, ya karye wuri-wuri, ruwa kuma ya taɓa shi ya manne da gilashin da yake ciki. Sale ya yi abin da ya dace. Ya fara ɗaukar hoton da kyamara don a sami fim, sannan ya gaya wa Alhaji cewa in aka jiƙa don a ɓamɓare shi daga gilashin zai iya lalacewa. Alhaji ya ce a gwada. Aka gwada, hoton ya saɓule kamar ɓawon albasa. Ya zamana fim ɗin nan kaɗai ya rage.

Sale ya ajiye wa Bulus fim ɗin da saƙo a bakina: a share karyewar duka, a fito da dattijon tsaf. Abin da bai faɗa ba, don a ganinsa ko yaron goye a Gumel ya sani, shi ne cewa cikin layukan da ke kumatun dattijon akwai na karyewar takarda, akwai kuma tsagar gidansu, wadda wanzami ya yi masa tun yana jinjiri. A koɗaɗɗen hoto duk sun zama iri ɗaya. Bulus bai taɓa ganin Alhaji ba, bai san daga wane gida aikin ya fito ba. Ya zauna ya bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya ya share. Wallahi a ido aikin ya yi kyau, har Sale ya riƙa nuna wa mutane.

Ranar Alhamis da la'asar, bayan kasuwar Maigatari ta fara watsewa, Alhaji Mamman ya zo karɓa. Ina nan, Sale na nan, Bulus ba ranarsa ba ce. Sale ya kwance takardar da aka naɗe firam ɗin yana murmushi. Alhaji ya karɓa ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, “Wannan wane ne?”

Sale ya ce, “Baba ne mana, Alhaji. Ka ga an fito da shi.”

Alhaji ya ce, “Hular tasa ce. Rigar ma tasa ce. Amma wannan bawan Allah ban san shi ba. Ina tsagarsa?”

Ya tambaya ko za a iya komawa ga tsohon, muka ce tsohon ya saɓule, fim ɗin kuma an riga an taɓa shi. Da ya yi faɗa da mun fi jin sauƙi. Sai kawai ya jingina firam ɗin a bango, fuskar na kallon bangon, ya ce, “Na kawo muku ubana kun ba ni baƙo.” Ya sa takalmansa ya fita. Na ji tausayin mutumin nan har cikin raina.

Kafin mako ya zagayo maganar ta kai kasuwar Maigatari. Ana cewa ɗakin hoton Gumel na share wa mutane asalinsu. 'Yan ƙungiyarmu na ƙauyuka suka fara ganin sanyin aiki, wasu suka ce ba za su ƙara biyan kuɗin wata ba sai an ɗauki mataki. Sale ya fi kowa ɗaga murya, kuma na san tsoro ne ke cinsa, don shi ya karɓi aikin. Baba Iro ya kira ni gefe ya ce, “Dokar nan ni na kafa ta, ba ni da bakin karya ta. Ka sanar da kowa za mu zauna ranar Lahadi da yamma.” Na ce, “Baba, in aka sallame shi da me zai ci? Ko babur ba shi da shi.” Ya ce ya sani.

Bulus bai yi gardama da kowa ba. Ya same ni ya ce in taimaka in kai shi wurin Alhaji, yana so ya ba shi haƙuri da bakinsa kafin a sallame shi. Na goya shi a babur ɗina muka tafi Maigatari. Muka sami Alhaji zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa. Na gaishe shi, na ce ga wanda ya yi aikin. Bulus ya durƙusa zai fara magana, sai ya tsaya, ya ƙura wa Alhaji ido har na fara jin kunya. A lokacin ne ya fara ganin fuskar mutumin, da layukan da suka gangaro daga gefen idonsa zuwa haɓa.

Ya ce a hankali, “Ranka ya daɗe, ta Baba irin wannan ce?”

Alhaji ya ce, “Ita ce. Wanzamin da ya yi masa, ɗansa ne ya yi mini.”

Bulus ya ce, “Abin da na share ba zan iya dawo da shi daga fim ba. Amma in za ka zauna mini in riƙa kallonka, zan zana ta a kan babban hoton, sannan in sake ɗaukarsa a sami sabon fim. In bai yi ba, ba ka yi asarar komai ba sai zama.”

Gaskiya na zaci zai kore mu. Mutum ne da ake tsugunna masa a kara, wato kasuwar shanu, ga shi wani baƙo na neman ya ƙare masa kallo kamar saniyar sayarwa. Alhaji ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, “Yaushe?”

Ranar da Alhaji ke da sarari ita ce Asabar, Asabar kuwa ranar Sale ce, kuma ita ce ranar da ya fi samun 'yan makaranta. Na je masa da maganar ina shirin jayayya. Ya sosa ƙeya ya ce, “A ba shi. Ai da na buɗe baki na ce masa mai tsaga ne, da ba a zo nan ba.” Shi da kansa ya tayar da janareta ranar.

Alhaji ya zauna a kujerar da muke zaunar da amare, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Bulus ya matso da fitila gefen fuskarsa, ya shimfiɗa babban hoton a tebur, ya ɗauki burushi. Ya dubi kumatun mai rai, ya ja layi a kumatun mamaci. Da ya zo layin ƙarshe na hagu Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, “Dakata. Wannan tasa ba ta kai ƙasa ba, a tsakiya ta tsaya. Kakata ta ce atishawa ya yi wanzamin ya ɗage aska.” Muka yi dariya, shi ma ya yi, amma idonsa ya kawo ruwa. Bulus ya tsayar da layin a tsakiya.

Da aka gama aka miƙa masa. Ya sake kai shi bakin ƙofa kamar wancan karon. Ya shafa gefen hoton da yatsa ya ce, “Baba ke nan.” Sannan ya juyo ya ce wa Bulus, “'Ya'yana ba wanda aka yi wa. Sun ce zamani ya wuce, ban kuma tilasta ba. A gidanmu ni ne na ƙarshe. Tunda fitilar na kunne, ɗauke ni ni ma, kada kuma ka gyara komai.”

Zaman ranar Lahadi bai yi tsawo ba. Baba Iro ya ce dokarsa ta yi maganar wanda ya jawo wa hatimi abin kunya, shi kuma jiya da idonsa ya ga mai kaya ya sa an buga hatimin a bayan hotuna biyu. Ya tambaya ko akwai mai magana. Duk muka amince a bar Bulus a ƙungiya. Sai aka ƙara doka ɗaya: duk wanda zai taɓa fuskar mutum da burushi, sai ya ga mai aikin ido da ido ya tambaye shi abin da za a share da abin da za a bari, ko da ranar wani aka kawo aikin.

Abin da na koya shi ne, ɗakin tarayya ba fitila da janareta kawai ake tarayya a kansu ba. Abin da ka sani wanda abokin aikinka bai sani ba, shi ma na ƙungiya ne, sai ka faɗa masa ko da kana ganin kowa ya sani. Na kuma gane cewa mutanenmu ba kyau suke zuwa nema wurin mai hoto ba, wanda suka sani suke so a ba su.

Bulus ya ci gaba da aiki da mu har aka mai da matarsa gida. Alhaji Mamman kuma Allah ya yi masa rasuwa bayan wasu shekaru. Da na je ta'aziyya na tarar da hotunan biyu rataye a zaure, uba da ɗa. Babban ɗansa, da kumatunsa sumul, yana tsaye a ƙarƙashinsu yana nuna wa masu gaisuwa layin nan na hagu da ya tsaya a tsakiya, yana ba su labarin atishawar kakansa.