Gyaɗar Tani ta Jajaye

Tani ta tsufa a Jajaye tana tsaron abu guda: irin gyaɗar da ta gada wurin mahaifiyarta, 'yar ƙarama mai jan ɓawo, wadda ba ta jin tsoron fari. Duk kaka sai ta zaɓi masu ƙwari, ta cuɗe su da toka, ta liƙe bakin tulu da laka. Maƙwabta sun roƙa sun gaji. Wanda ta ba, soyayyiya take ba shi, don soyayyiyar gyaɗa ba ta tsirowa.

Wata bazara Zakiyya, 'yar ƙaninta da ke karatun digiri, ta zo da abokan karatunta biyu da farar safar hannu. Malaminsu ya tura su tattara tsofaffin iri, su karanta ƙwayoyin gadon da ke cikinsu.

"Gwaggo, so muke mu gano abin da ya sa taki ke jure fari."

"In kun gano fa, sai wa ya ji?"

"Za a rubuta da sunanki."

"Sunana ba ya tsirowa, 'yar nan."

Amma ba a korar 'yar ɗan'uwa hannu wofi. Tani ta shiga ɗaki, ta ɗebo gyaɗar kasuwa, ta shafa mata toka, ta miƙa har da addu'a.

Damina ta yi nisa Zakiyya ta dawo, fuska ba walwala.

"Gwaggo, wata uku muna wahala a kan gyaɗar da kowa ke shukawa. Na'ura ta nuna."

Tani ta shiga tunani. Ƙarfen da ya gane ƙarya a cikin ƙwaya, me kuma ba zai gane ba?

"Ba iri za mu ɗauka ba," in ji Zakiyya a hankali. "Ganye ɗaya ya isa."

"Ganye? To ashe duk mai wucewa ta gona ɓarawo ne."

Ta daɗe tana kallon yarinyar, tana neman ƙaninta a idanunta. Sannan ta yafa mayafi, ta ce kada kowa ya biyo ta. Ta bi ta bayan gari, ta karkata wajen gonar wani don ɓad da sawu, kafin ta nufi tata.

Ta dawo da ganye ɗaya a tafin hannu. Kafin ta miƙa, sai da ta tsinke ɗan karan da ke jikinsa, ta jefa a murhu, kada ya tsiro.