Likitan da Ya Ƙi Rantse wa Hajja

Ina cikin layin burodi da hantsi, ina tunanin ko zan kai gaba kafin gemuna ya gama fari, sai wani direban motar garin Hawata ya dafa kafaɗata ya ce Daktor Abdulƙadir ya cika da asuba, zuciya ce ta tsaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na fita daga layin na bar wa na bayana wurina.

Benci ɗaya muka zauna da shi a makarantar unguwarmu a Gadarif. Shi ya wuce har ya zama likitan yara, ya yi aiki a ƙetaren Bahar Maliya, ya dawo gida. Ni kuwa malamai sun ƙaunace ni har suka riƙe ni a aji huɗu shekara biyu, daga nan na koma keken ɗinki a kasuwa. Bai taɓa kai jallabiyarsa wurin wani tela ba, ko da yake nawa ɗinkin ba ya rasa abin faɗa.

'Yarmu Ihsan ta zo duniya da raunin jiki, wuyanta ba ya ɗaukar kanta. Haka yayanta ya yi, muka binne shi bai yi rarrafe ba. Marigayi ya duba ta, ya aika jininta waje, ya ce ciwon gado ne daga gare ni da uwarta baki ɗaya, don haka dangina su daina hararar matata. Sannan ya ce an samu sabon magani, kuma asibitin da ya yi aiki a ƙetare ya yarda ya karɓe ta.

Na ce ya bayyana mini daidai da ilimin aji huɗu. Ya ce jiki yana da samfurin da yake kwafa kafin ya ɗinka abin da jijiyoyi ke rayuwa da shi. Na Ihsan na asali ya ɓace. Akwai na ajiya, amma a jikin kwafinsa akwai wata alama da ke sa mai yanka ya tsallake ƙyalle guda, rigar ta fito ba hannu. Na ce wannan na taɓa yin sa ana gobe Salla. Ya ce to maganin ɗan guntun zare ne da aka saƙa daidai da alamar, ya manne a kanta ya rufe ta, sai a yanka rigar cikakkiya. Ba ya taɓa samfurin asali, kuma yana ƙarewa, dole a sake duk bayan 'yan watanni. In an ba da shi ta jini ba ya kaiwa lakar baya, sai an yi allura a gadon bayan.

A nan magana ta tsaya, domin mahaifiyata Hajja ta ce a gabanta ba mai soka wa jikarta allura a baya, ta san yaran da aka ɗebi ruwan bayansu ba su tashi ba. A gidanmu kuwa in Hajja ta ce a'a, ni mai gida ne a kan katin shaida kawai.

Marigayi ya zo da la'asar, ya cire takalmi ya zauna a tabarma ƙasa da gadonta, ya ajiye Larabcin asibiti ya yi mata Hausar kakanni. Ya ce yawancin yaran nan ciwon da ya kai su asibiti ne ya ɗauke su, allurar ta sha zargi. Hajja ta ce ya rantse ba illa.

"Hajja, ba zan rantse ba," in ji shi. "Tana iya yin zazzaɓi, ko amai, ko ciwon baya. Maganin yana iya taɓa ƙoda, ko ya sa jini ya yi jinkirin daskarewa, shi ya sa ake gwada fitsari da jini kafin kowace allura. Jijiyar da ta mutu ba za ta dawo ba. Kuma sabo ne, akwai abin da ba mu sani ba tukuna."

Na ce a raina mutumin nan ya ɓata ciniki. Hajja ta daɗe tana juya carbi, sannan ta ce tun tana budurwa masu magani ke rantse mata, yau ne ta fara jin wanda ya faɗi aibin hajarsa. Ta ce a tafi da yarinya.

Haka yake da kowa. Yakan ce maganin da ba shi da illa, ko ruwa ne ko mai shi maƙaryaci. Yakan kuma ce a faɗa wa uwa gaskiya tana zaune, kada ta ji ta a tsaye a bakin ƙofa.

Yau Ihsan tana riƙe kanta, tana zama in an tokare ta da matashi, tana fizge mini hula. Ko za ta yi tafiya, Allah ne masani, likitanta bai yi mana alkawari ba.

Allurarta ta gaba ta faɗo cikin kwanakin makoki. Na ce a ɗage, in zauna da 'ya'yansa. Hajja ta ce zaman makokin ta ɗauke mini, in kai yarinya a gwada fitsarinta mu kama hanya, kada in ɓata wa bawan Allah aikinsa. Gobe za mu tashi.

Allah ya jiƙan Abdulƙadir, ya yalwata masa kabari, ya sa kowane motsi na yaran da ya duba ya zame masa sadaka mai gudana. Allah ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, ya tsaya musu kamar yadda ya tsaya wa namu. Amin.